Doka, Kawo Da Rimi: Wa Ke Riƙe Da Rajistar Itatuwan Kaduna?

Ma'aikacin da ya fito daga gidansa a Kawo da safe, ya biya ta Unguwar Rimi ya sauke yara a makaranta, sa'an nan ya zarce ofishinsa a gundumar Doka, ya ratsa ta sunayen itatuwa uku ke nan tun kafin ya zauna bisa kujerarsa, ko da yake da wuya a ce ya lura da haka. In kuwa ya kai iyalinsa shan iska Gamji ran Lahadi, ya cika na huɗu.

To, amma a tsayar da wannan ma'aikaci a ce ya nuna itacen kawo. Watakila ya taɓa jin cewa 'ya'yansa baƙaƙe ne masu jar hula, watakila kuma ko wannan bai ji ba. Ɗansa da ke jami'a ma haka. Inuwar da suke sha a unguwannin arewacin kogin Kaduna yawancinta ta baƙi ce: darbejiya da malaina da mangwaro daga wajen Indiya suka fito, turare kuwa daga Ostareliya. In aka ɗebe maɗaci da aka jera a gefen tsofaffin tituna, itatuwan ƙasar nan na asali sun ja da baya zuwa inda gatari bai kai ba tukuna. Alhali kuwa sa'ad da aka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, a tsakiyar dajin doka aka kafa garin.

Kaduna gari ne mai adana takardu. Akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda ake samun rahotannin Razdan da na Di'o tun na farkon zuwan Turawa. Akwai Gidan Arewa da aka buɗe a 1970 a gidan marigayi Sardauna. Saboda haka in ana gardamar iyakar gunduma ko jerin hakimai, an san inda za a nufa. Abin tambaya shi ne, in ana so a san irin itatuwa da ciyayin da ke bakin kogin Kaduna shekara 100 da suka wuce, da waɗanda suka rage yau, wace rajista za a buɗe?

Abin Da Ake Nufi Da Taskar Tsirrai

Rajistar tana nan, sai dai ba irin wadda akawu ya saba gani ba ce. Masana ilmin tsirrai suna kiranta habariyam, mu kuwa za mu ce taskar tsirrai. Ɗaki ne cike da kabad, kowace kabad cike da manyan takardu masu kauri, a kan kowace takarda an manna busasshen reshe da ganyensa da furensa, in an samu har da 'ya'yansa. A kusurwar takardar akwai 'yar takardar bayani, wadda ke faɗin wanda ya tsinko shi, da ranar, da wurin, da irin ƙasar da ya tsiro a kai, da sunan da mutanen wurin ke kiransa. Wani malamin jami'a a Italiya mai suna Luka Gini ne aka san ya fara koyar da wannan dabara wajen shekara ta 1540, kuma har yanzu akwai tsirran da almajiransa suka busar a wancan ƙarni, ana dubawa ana gane su.

Mai karatu zai iya cewa, ina amfanin tara busasshen ganye, ga ɗanye a daji? Amsar tana cikin sha'anin suna. Itace guda a ƙasar Hausa yakan amsa suna uku ko huɗu: darbejiya a nan, maina a can, dogon yaro a wani wuri. Hano da ararraɓi abu guda ne. A ɗaya gefen kuma, suna guda yakan rufe itatuwa da dama, kamar faru da baushe da ɓaure, waɗanda kowannensu iri-iri ne. Muddin hira ake yi a gindin bishiya, wannan ba ya cutar da kowa. Amma ranar da za a haɗa magani, ko a hana sare wani itace da doka, ko a sayar da katako ƙasar waje, tilas a san takamaiman wanda ake nufi. A 1753 Liniyas mutumin Suwidin ya daidaita ba kowane tsiro suna mai kalma biyu na Latin, ƙa'idar da ta kafu daga baya kuma ita ce, duk sabon suna sai an ɗaure shi da wani reshe guda da aka ajiye a wata taska sananniya. Wannan reshe shi ne shaida. In gardama ta tashi bayan shekara 100, shi za a ciro a duba.

Daga Kwara Zuwa Tsibirin Fanando Fo

Tarihin wannan rajista tamu ya bi ta wani tsibiri, kuma da rayuka aka biya farashinsa. Tsibirin shi ne Fanando Fo, wanda aka sauya wa suna zuwa Biyoko a 1979, yana cikin ƙasar Ikwatoriyal Gini, kilomita wajen 32 daga gaɓar Kamaru. Dattawanmu sun san shi da sunan Fanya, inda dubban 'yan Nijeriya suka yi ƙwadago a gonakin koko har Gwamnatin Janar Murtala ta fara kwaso su a 1975. A ƙarni na 19 kuwa, nan ne zangon duk jirgin Turawan Ingila da zai shiga kogin Kwara.

A 1841 Ingila ta aiko jirage uku su hau Kwara, a cikinsu akwai wani Bajamushe masanin tsirrai, Tiyodo Fogel. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 a wannan tafiya. Fogel ya tsinci abin da ya iya a gaɓar kogin, aka komo da shi tsibirin ba shi da lafiya, ya ci gaba da tara tsirrai a can har ya mutu a watan Disamba na shekarar, bai cika shekara 30 ba. Akwatunansa suka isa Ingila, kuma daga cikinsu aka wallafa littafin tsirran Kwara a 1849. Majimfa, wadda masunta ke dakawa su zuba a ruwa kifi ya bugu, sunansa take ɗauke da shi a Latin har gobe.

Bayansa sai Calis Bata, wanda ya biyo Likita Baiki a 1857. Jirginsu ya fashe a kan duwatsu kusa da Jabba, abin da ya sa Bata ya daɗe a ƙasar Nufe yana tara tsirran daji irin namu na Arewa. Ya mutu a Raba a 1859. Aka aiko wani saurayi Bajamushe, Gustaf Man, ya maye gurbinsa, amma bai sami hanyar isa wurin Baiki ba, sai ya tsaya a Fanando Fo. Wannan tsaiko ya zama alheri ga ilmi. Man ya hau babban dutsen tsibirin, mai tsawon mita 3,000 da 'yan kai, ya tsinko tsirran ƙwanƙolinsa ya aika Landan. Da Yusufu Huka, babban masanin lambun Kiyu, ya jera su ya gwada da waɗanda ke cikin kabad, sai ya ga abin mamaki, watau da yawa daga cikinsu danginsu na kusa suna kan duwatsun Habasha ne, can ɗaya gefen Afirka. Ya wallafa wannan a 1862. Huka bai taka dutsen ba, bai kuma je Habasha ba. Takarda ya aza kusa da takarda.

Ga wanda ke zaune a Kaduna, inda ruwan shekara bai wuce wajen milimita 1,200 ba, tsibirin da kudancinsa ke samun fiye da milimita 10,000 wata duniya ce dabam. Duk da haka littafi guda ya haɗa mu, kuma a nan ne labarin ya iso gida.

Likitan Da Ya Rubuta Sunayen Hausa

A 1905 wani likita mutumin Sikotilan, J. M. Dalziel, ya kama aiki a Nijeriya ta Arewa. An yi ta sauya masa wurin aiki, Kwantagora, Katagum, Yola, Sakkwato, kuma duk inda ya sauka, in ya gama duba marasa lafiya sai ya shiga daji. Abin da ya bambanta shi da waɗanda suka gabace shi shi ne yana tambaya. Yakan tambayi manomi da makiyayi da maharbi da mai magani: mene ne sunan wannan, me ake yi da shi, dabba na ci ko ba ta ci? A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kowane suna da takwaransa na Latin. Bayan ya bar aikin likita ya koma lambun Kiyu, inda shi da Jon Hacinsan suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma, wanda ya fito kashi-kashi daga 1927 zuwa 1936, ya game ƙasashe tun daga Sanagal har Kamaru ta yamma, da tsibirin Fanando Fo. A 1937 ya ƙara da wani littafi a kan amfanin tsirran, abinci ne ko magani ko rini ko igiya. An sake gyara babban littafin daga 1954 zuwa 1972 a hannun R. W. J. Keay, wanda ya yi shekaru yana aikin gandun daji a Nijeriya, da F. N. Hepper, har adadin tsirran da ke ciki ya kai wajen 7,000.

An sa wa hano sunan Dalziel a Latin. Doka kuwa ita ta ci riba, domin da masanan Kiyu suka zo raɗa mata suna, sai suka bar mata nata na Hausa, Isoberlinia doka, kuma haka ake kiranta a kowace jami'a ta duniya.

Sai dai akwai abin da ya kamata a faɗa a nan. Ilmin da ke cikin ƙamus ɗin 1916 ilmin talakawan Arewa ne. Su suka san cewa maƙeri ba ya son gawayin da ya wuce na ƙirya, cewa gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, cewa bagaruwa ce abokiyar majemi. Ba a rubuta sunayensu ba, kamar yadda al'adar zamanin take. Likitan ya cancanci yabo domin ya tambaya ya kuma rubuta, amma ya kamata ɗalibin da ya buɗe littafin ya san cewa maganar kakanninsa yake karantawa. Rassan da aka ɗaure sunayen da su kuwa, watau shaidun, yawancinsu suna lambun Kiyu, a cikin taskar da ke riƙe da tsirrai wajen miliyan 7.

Wani zai ce a dawo da su. Magana ce mai daɗin ji, amma a tuna da Balin. A daren 1 ga Maris 1943 bom ya faɗa wa taskar tsirrai ta birnin, wuta ta cinye mafi yawan abin da Jamusawa suka tara daga Kamaru da Togo da Afirka ta Gabas. Abin da ya tsira shi ne wanda aka riga aka raba kwafinsa ga wasu taskoki. Tun daga nan masana suka ƙara riƙo da al'adar tsinko reshe uku ko huɗu daga itace guda a rarraba. Ga shi kuma yanzu Kiyu da sauran manyan taskoki suna ɗaukar hoton takardunsu suna sawa a intanet, har ɗalibi a Kaduna yana iya ganin rubutun hannun Dalziel a wayarsa. Abin da ya fi gaggawa a wurinmu shi ne abin da ba a tara ba tukuna.

Kwakwa Huɗu A Tsibirin Jawa

Domin ma'aikatan da ke rarraba kuɗin kasafi, waɗanda za su tambayi ribar wannan aiki da naira da kwabo, ga labarin wani tsibirin. A 1817 Turawan Holan suka kafa lambun bincike a Bogor, cikin tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya, daga baya suka haɗa masa taskar tsirrai wadda ta zama mafi girma a kudu maso gabashin Asiya. A 1848 aka kawo wa lambun dashen kwakwar manja guda huɗu, itacen da asalinsa na Afirka ta Yamma ne. Aka shuka, aka rubuta, aka sa ido. Shekaru fiye da 60 ba wanda ya sami wata ribar kirki da su, sai ado a gefen hanya. A 1911 aka buɗe gonakin farko na kasuwanci a Sumatara daga zuriyarsu, Malaya ta biyo baya a 1917. Yau Indunusiya da Malesiya su ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya, Nijeriya kuwa, wadda ta kasance kan gaba har zuwa shekarun 1960, sayowa take yi domin cike giɓi.

A ofisoshinmu an saba cewa Malesiya ta zo Nijeriya ta ɗebi iri ne bayan mulkin kai, ta tsere mana. Gaskiyar ita ce gonakinsu sun girmi mulkin kanmu da shekaru fiye da 40. Abin da ya faru shi ne, da masanansu suka ga duk arzikin nan ya rataya a kan zuriyar itace huɗu, sai suka zo a 1973, tare da Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta kusa da Binin, suka tara iri daga wurare da dama, kowanne da lambarsa da bayanin inda aka samo shi. Ba sata suka yi ba. Rajista suka riƙe, ba su kuma yar da ita ba.

Halin Da Ake Ciki A Gida

Ba a ce ba mu da komai ba. Babbar taskar ƙasa tana Cibiyar Binciken Gandun Daji a Ibadan, an kafa ta a 1942, tana riƙe da tsirrai fiye da 100,000, kuma wani jami'inta, Z. O. Gbile, ya fitar da sabon jerin sunayen Hausa a 1980. A Arewa, taskar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ita ce madogara: duk ɗalibin haɗa magunguna ko kimiyya da zai gwada sassaƙen marke ko ganyen sabara, sai ya kai reshe an tabbatar masa da sunan an ba shi lamba, in ba haka ba mujallar kirki ba za ta karɓi bincikensa ba. Jami'ar Jihar Kaduna da Makarantar Horon Hafsoshin Soja su ma suna da ƙananan taskoki a sassansu na ilmin halittu. A Afaka kuma, bayan Mando, akwai gandun dajin da aka keɓe a 1954, inda aka yi shekaru ana gwajin turare da sauran itatuwan waje, da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya.

Amma a ganina akwai giɓi biyu. Na farko, yawancin abin da ke shiga taskokinmu yanzu 'yan tsirran nan ne da kowa ya sani, zogale da darbejiya da tafasa, domin su ɗalibai ke kawowa neman lamba. Fita daji takanas domin a tsinko duk abin da ke wani kurmi, a koma bayan shekara goma a ga abin da ya ɓace, wannan ya yi ƙaranci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Akwai rashin mota da kuɗin mai, akwai kuma tsoro. A daren 11 ga Maris 2021 'yan bindiga suka shiga kwalejin Afaka suka sace ɗalibai 39, na ƙarshensu ba su dawo ba sai a watan Mayu. Gandun Kamuku na Birnin Gwari, wanda aka mayar na ƙasa a 1999, ɗaya daga cikin wuraren da dajin doka ya rage da kyau, ya yi shekaru malami ba ya iya kai ɗalibai cikinsa.

Na biyu, gatari bai jira ba. Duk mai bin hanyar Mando ko ta Zariya ya saba ganin motocin itace da buhunan gawayi suna shigowa gari. Maɗobiya ta isa misali. Cikin 'yan shekaru kaɗan aka yi ta sare ta ana lodawa zuwa Sin domin yin kujerun alfarma, har taron ƙasashen duniya mai kula da cinikin halittun da ke cikin haɗari ya sa ta a jerinsa a 2016, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Jami'in kwastan ko malamin daji da aka ce ya tsare wannan doka, da me zai bambance maɗobiya da wani itacen in babu taskar da zai koma gare ta? Haka alƙalin da za a kawo wa ƙarar.

Akwai kuma asarar da ba ta da ƙara. Tsohuwar da ta san ciyawa 50 da sunayensu da amfaninsu tana rasuwa, jikarta ta san biyar. In an manna ciyawar a takarda an rubuta sunan da tsohuwar ta faɗa, sunan ya tsira ko da ciyawar ta ƙaura daga gundumar.

Aikin Ba Ya Bukatar Kwangila

Abin da ke ba da ƙarfin gwiwa shi ne kayan aikin ba su da tsada. Katako biyu, tsofaffin jaridu, kwali, igiya ko tsohuwar robar taya, almakashi, da littafin rubutu. A yanko reshe mai tsawon kamu ɗaya da rabi wanda ke da fure ko 'ya'ya, domin ganye kaɗai sau da yawa ba ya isa a gane itace. Ƙaramar ciyawa kuwa a tumɓuke ta har saiwa. A shimfiɗa cikin jarida, a juya ganye ɗaya ko biyu domin a ga bayansu, a danne a ɗaure tam. Da damina sai an sauya jaridar kullum, in ba haka ba ya yi fumfuna. Da hunturu kuwa iskar Kaduna kan gama aikin cikin 'yan kwanaki, abin da masanan Fanando Fo da Jawa, masu fama da laima shekara duka, za su yi mana hassada a kai.

Abokin gaba shi ne ƙwaro. A da ana shafa wa takardun guba mai haɗari ga mutum, ana kuma zuba kafur a kabad. Yanzu an fi sa su cikin firiza na 'yan kwanaki kafin su shiga ɗaki, sai dai wannan yana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa, kuma mai karatu ya san inda gizo ke saƙa.

Takardar bayani ita ce ran aikin. Kada a rubuta "Kaduna" kawai. A rubuta ƙauyen, da gefen da yake, bakin rafi ne ko tudu ko fadama, da ranar, da tsawon itacen, da launin furen tun bai bushe ya sauya ba, da lambar wurin da kowace wayar zamani ke nunawa. A rubuta sunan Hausa, da na Gbagyi, da na Fulatanci in an samu, da abin da ake yi da shi. A kuma rubuta sunan wanda ya ba da bayanin, in ya yarda, domin kada a maimaita abin da aka yi wa masu ba Dalziel labari.

Ma'aikatar Ilmi tana iya sa kowace sakandare a jihar ta tara tsirrai 50 na kewayenta a shekara, malamin ilmin halittu ya duba, a aika kwafi ɗaya Samaru, ɗaya Ibadan. Ma'aikatar Muhalli kuma tana iya sharɗanta cewa kafin a share daji domin rukunin gidaje ko hanya, sai an tara abin da ke wurin an ajiye. Lokacin ciyayi shi ne Satumba da Oktoba, sa'ad da gamba da ƙyasuwa suka fitar da kai. Manyan itatuwa kuwa da yawansu da rani suke fure, bayan gobarar daji ta wuce. Wanda ke son reshen doka sai ya fita wajen ƙarshen rani, lokacin da take fitar da sabon ganye ja mai sheƙi da fararen furanni, ya kuma koma bayan 'yan watanni domin kwanson, kafin ya bushe ya fashe ya watsar da 'ya'yan.